Ummi Ɗanjuma Su Biyu Ne

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe 9:40 na safe

Anti Larai ta kira ni daga ƙaramin asibitinta na gefen Ɗanzomo. A cikin jami'an lafiyar da nake aiki da su ita ce ba ta kira sai da dalili. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malama Nana, yarinyar nan Ummi Ɗanjuma da na auna watan jiya ta shiga ja, me ya sa na ga Rumbu ya rufe fayil ɗinta?" Na ce bari in duba yanzu-yanzu. Ta ce ba sai na yi sauri ba. Daga gidansu take, gaisuwar rasuwa ta je.

Na ajiye wayar na ci gaba da gyara shafin godiya na kundin digirina. Sai da na gyara layi uku kafin maganar ta shige ni.

Talata, 13 ga Agusta, bayan Azahar

Bari in rubuta shi dalla-dalla kamar ina yi wa Baba bayani, ko zan ga inda ƙafata ta zame.

Rumbu shi ne rumbun bayanan da na gina don digirina na uku. Shekara bakwai ke nan. Yana riƙe da sunayen yara masu tamowa a ƙananan asibitoci talatin da ɗaya na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Jami'a za ta auna damtsen yaro da ma'auni mai launi, kore lafiya, ja hatsari, ta shigar a waya. Ko babu sabis wayar za ta riƙe, sabis na dawowa ta tura. In yaro ja ne, Rumbu zai jira abincin tamowa ya iso asibitin, sai ya kira wayar uban ya ce a kawo shi. Mu muka ce wa iyaye kada su riƙa cin hanya a banza, su zauna su jira kira. Ni na tsaya gaban mata a Ɗanzomo na faɗa musu haka da bakina.

Matsalar da kowa ya sani ita ce maimaici. Uwa ta kai yaro asibitin ƙauyensu yau, ranar kasuwa ta sake kai shi na Maigatari, sai ya zama yara biyu a takarda. Babi na huɗu na kundina dabara ce ta gane maimaici cikin daƙiƙa biyu, ta haɗe su wuri ɗaya, ta ɗauki awo na ƙarshe. Kashi 99.4 cikin ɗari daidai. Da wannan lambar nake taƙama, ita ce a shafin farko.

Ranar 9 ga Yuli Anti Larai ta auna Ummi Ɗanjuma ta Ɗanzomo, haihuwar 1 ga Janairu. Ja. Ranar Alhamis 11 ga wata aka auna Ummi Ɗanjuma ta Ɗanzomo, haihuwar 1 ga Janairu, a Maigatari. Kore. Rumbu ya haɗe su ya rufe fayil. Abinci ya iso ranar 17, bai kira kowa ba.

Ba yarinya ɗaya ba ce.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe 7 na safe

Baba ya leƙo da butarsa ya ce, "Uwata Dakta, an tashi lafiya?" Na ce lafiya lau, Baba.

Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin mutumin nan ya ce Nana Firdausi ba, don sunan mahaifiyarsa ne. A gidan da ake sakaya suna na tashi. Na san Ummi ba sunan yanka ba ne, abin da ake kiran yarinyar da ta ci sunan kaka ne, kuma uwa ba za ta buɗe baki ta faɗi sunan surukarta gaban baƙuwa mai waya a hannu ba. Na san duk wanda aka haifa ranar Juma'a Ɗanjuma ne. Na san in uwa ta ce "da sanyin bara waccan," jami'a 1 ga Janairu take rubutawa ta wuce. Duk na sani. Amma da na zauna gina dabarata, sai na gwada ta da bayanan asibitin birni, inda kowa ke da kati da sunan takarda, na ga lamba mai kyau na tashi ina murna. Wai ni mai ilimi.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe 4:30 na yamma

Na kira Farfesa Abdulƙahhar, mai duba aikina. Ya saurara har ƙarshe, ya yi salati, ya yi wa yarinyar addu'a, kuma na ji a muryarsa cewa da gaske yake. Sannan ya ce, "Nana Firdausi, yau saura kwana nawa ki kare kundinki?" Na ce ashirin da takwas, ranka ya daɗe. Ya ce masu tallafa wa aikin za su zo a makon su ga Rumbu yana aiki, in sun gamsu za a faɗaɗa shi, yara dubbai za su amfana. Ya ce kuskure ɗaya cikin dubu goma sha huɗu ba ya rushe bincike. A bari a wuce ranar 12 ga Satumba, washegari mu zauna mu gyara a tsanake.

Na ce to, ranka ya daɗe. Sau uku na ce to.

Juma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

An sauya mini izinin shiga. Ina iya gani, ba na iya taɓa komai. Saƙon ya ce an yi wa kowa haka ne don kada lambobi su motsa kafin baƙi su zo. Kowa ɗin nan mu biyu ne, ni da Farfesa.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan La'asar

Gani ai ba a hana ni ba, don haka kwana biyu ina gani. Na bi duk inda Rumbu ya haɗe fayil biyu masu sunan Ummi, Abba, Mama, Baffa, Iya. Guda sittin da uku nake zargi. A cikinsu akwai tara da ja ne a ƙasa, kore ya hau kansa ya danne. Ban da waccan.

Tara. Wataƙila wasunsu da gaske yaro ɗaya ne ya warke. Na riƙe wannan wataƙilar tun safe, ta ƙi zama.

Na tura wa Farfesa jerin. Ya karanta, alamar ta nuna.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Bai amsa ba.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe 2 na rana

Ruwa tun asuba, ba wuta. Na zauna a ɗakin da na yi karatun sakandare, tebur ɗin nan dai, tagar nan dai da ba ta rufuwa sosai. Baba ya sa an zo an auna shi, zai ɗinka sabuwar riga ta zuwa jami'a. Ya yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar bai taɓa hawa sama da inda aka ajiye shi ba, yanzu duk majalisarsu ta ƙofar masallaci ta san ranar 12 ga wata. Har mai adaidaitan da ke kai ni tasha Dakta yake ce mini.

Na kira Anti Larai na ba ta sunaye biyu da ke yankinta. Na ce ta ɗan leƙa su, bincike ne kawai. Ta ce, "Malama Nana, irin na Ummi ne?" Na ce bincike ne kawai. Ta ce to, Allah ya sa mu dace. Ta san ƙarya nake, na kuma san ta sani.

Ta ƙara da cewa har yanzu ba ta shigar da abin da ya faru a fayil ɗin ba. Fayil ɗaya ne na yara biyu, in ta cike gurbin rasuwa, ɗaya Ummin da ke wasa a tsakar gidansu ita ma ta tafi a takarda. Ta ce ita ba za ta yi wa 'yar mutane haka ba. Na ce ta bari.

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe 6 na yamma

Farfesa ya amsa. Layi biyu. Ya tuna mini takardar sirri da na sa wa hannu, cewa sunayen yara ba sa fita daga Rumbu zuwa hannun kowa. Ya ce in mai da hankali ga shirin kare kundi, ya ga ina da rauni a babi na biyu.

Babi na biyu.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan Magariba

Na je Gagarawa da kaina. Mota ta sauke ni a bakin titi, na hau babur, ya kafe a laka sau biyu, na ƙarasa da ƙafa takalmi a hannu. Abba Ubale nake nema. Da na tambaya a ƙauyen, wata tsohuwa ta yi dariya ta ce wanne daga ciki? Uku ta ƙirga mini.

Na biyun ne. Na gan shi a bayan uwarsa, kai ya langaɓe, gashin ya yi ja-ja. Ban ma fito da ma'auni ba. Na ce ta kai shi asibiti yau, abinci yana nan tun watan jiya. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ai ba a kira mu ba, Malama. An ce kada mu je sai an kira." Na ce to ni ce kiran. Sai da na ga sun hau babur na juya.

A mota na yi lissafi. Yini guda, yaro ɗaya. Anti Larai ta samo biyu, ɗaya da gaske ya warke, ɗaya an fara ba ta abinci. Saura shida. Na ce a raina zan iya, in bi su ɗaya-ɗaya a ɓoye, ba wanda ya ji, kundi ya tsira, yara su tsira. Har barci na yi a motar.

Na dawo na buɗe kwamfuta. Rumbu ba ya hutu, haka na gina shi. A makon nan kaɗai ya haɗe sababbi. Shida ɗin sun koma takwas.

Lahadi, 25 ga Agusta, da hantsi

Takwas.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe

Na yi gwajin jawabina gaban madubi. Da na zo kan lambar nan ta shafin farko sai miyau ya sarƙe ni, na yi ta tari har Baba ya aiko da ruwa. Na sake daga farko, nan dai na sake tsayawa.

Akwai abin da ban rubuta a littafin nan ba. Ba yau ba.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Na je gidan.

Anti Larai ce ta raka ni. Unguwa ce ta gidaje kamar goma sha biyu a bayan Ɗanzomo, gero ya rufe hanya har ya fi ni tsawo. Malam Ɗanjuma yana gona, aka aika ya zo. Matarsa Rakiyya ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Na yi gaisuwa, ta amsa kamar yadda ake amsawa. Ya haƙuri? Haƙuri sai ma'abocinsa, mun gode Allah.

Na zo da magana a bakina, tun daga Gumel nake jera ta. Kafin in fara Rakiyya ta ce ta gane ni, ni ce Malamar da ta yi musu bayani a asibiti. Ta ce wallahi sun bi abin da na ce. Malam ko gona zai je sai ya bar mata wayar a gida, kullum sai an kai ta caji bakin hanya, don kada a kira a same ta a kashe. Da jikin ya yi tsanani ta ce su tafi haka nan, shi kuma ya ce a ƙara kwana biyu, mutanen nan ba sa saɓa magana, in abinci ya zo za su kira. Ranar da suka tafi ɗin ba a kai ko'ina ba rai ya yi halinsa.

Malam Ɗanjuma ya ce, "Laifina ne, Malama. Ni na ce a jira." Ya faɗa yana kallon ƙafarsa.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe, na ce kwana ne ya ƙare, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce. Suka ce amin. Ya karɓi lambata, ya ce ko wani abu zai taso. Rakiyya ta bi mu har bakin zaure da ɗanyar kuɓewa a leda, wai ba a zuwa gidansu a koma hannu sake.



Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe 1 na rana

An yi miyar kuɓewar. Ban ci ba, na ce cikina ne.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe 3:15 na yamma

Na sake kiran Farfesa. Wannan karon na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba tun ina aji ɗaya. Na ce ranka ya daɗe, ba ɗaya ba ne cikin dubu goma sha huɗu, yau goma ne, jibi ban san nawa ba. Ya ce ki yi mini magana a hankali. Ya ce in aka taɓa babi na huɗu yanzu, kwamiti zai ce a janye kundin, kuma wa'adina na jami'a ya ƙare a bana, ba ƙari. Masu tallafi za su tattara su tafi, Rumbu ya mutu gaba ɗaya, a koma rubutu a littafin da ruwa ke jiƙawa. Ya ce, "Kwana goma sha uku, 'yata. Ki yi wa kanki, ki yi wa mahaifinki."

Abin haushin shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta. Shi ya share mini hanya da bakinsa lokacin da kowa ke cewa mace daga Gumel ba za ta ƙarasa ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na juya shi ta kowane gefe ban sami ƙarya ba. Amma yaro irin na Gagarawa, a yadda na gan shi, ba zai kai kwana goma sha uku ba.

Lahadi, 1 ga Satumba, da safe

To, ga abin da ban rubuta ba.

Ba duka ƙofofin aka rufe mini ba. Wanda ya gina ɗaki ya san inda ya bar ƙofar baya. Akwai kalmar sirri ta gaggawa da na ajiye tun shekarar farko, Farfesa ma bai san da ita ba. Da ita minti biyar ya ishe ni in kashe dabarar haɗewa in raba duk fayilolin. Tun ranar 16 ga wata nake da ita, tana cikin kaina duk lokacin da nake rubuta "ba na iya taɓawa."

Sai dai Rumbu ba ya manta wanda ya taɓa shi. Haka na tsara shi, komai aka yi sai ya rubuta suna da lokaci a wurin da ba a gogewa, ni kaina ba zan iya ba. Kuma ana rabawa lambar shafin farko za ta faɗo a allon da Farfesa da masu tallafi ke kallo. Ba zan iya cewa kuskure ne ba, ba zan iya cewa ba ni ba ce.

Kwana goma sha shida ina kuka da ƙofa, makullin yana hannuna. Tsoro nake ji, shi ke nan. Ina son digirin nan kamar raina, kuma ina jin kunyar yadda nake son sa.

Litinin, 2 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma

An kawo rigar Baba. Ya saka ya zagaya tsakar gida, ya ce, "Uwata, ya kika gani?" Ta yi masa kyau sosai.

Goma sha ɗaya.

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe 10:06 na safe

Na yi.

Talata, ƙarfe 12 na rana

Minti huɗu ya ɗauka. Na zauna ina kallon layukan suna komawa ja ɗaya bayan ɗaya, kira yana fita, Gagarawa, Maigatari, Maigatari, Gumel. Na rubuta wa kwamiti wasiƙa shafi ɗaya na faɗi komai da sunana, na tura kafin in sake tunani. Farfesa ya kira sau tara. Zan ɗauka, amma ba yanzu ba.

Na sami Baba a zaure na durƙusa na faɗa masa ba za a je ranar 12 ba, wataƙila ba za a taɓa zuwa ba. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Wani abu kika yi, ko wani abu kika ƙi yi?" Na ce duka biyun, Baba. Ya ce to tashi ki ci abinci.

Talata, bayan La'asar

Kira goma sha biyu ne suka fita, ba goma sha ɗaya ba. Sai yanzu na ƙirga.

Fayil ɗin Ummi ma ya rabu. Ba wanda ya taɓa cike wancan gurbin, ni na ce wa Anti Larai ta bari. Rumbu ya ga yarinya ja, ya ga akwai abinci a asibiti, ya yi aikinsa. Saƙon kuwa muryata ce, ni na naɗe shi bara a ɗakin nan, har sau shida ina sakewa don ya fito da fara'a. Assalamu alaikum, albishirinku, abincin yarinyarku ya iso, a kawo ta gobe da safe.

Ina zaune da wayar a hannu ta yi ƙara. Malam Ɗanjuma. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Malama, kiran ya zo. Na ce in sanar da ke, kada ku ce ba mu ji ba. Mai ɗakina ce ta ɗauka, ta saurara har ƙarshe."

Na ce Malam Ɗanjuma, ka tsaya, akwai maganar da ban faɗa maka ba ranar nan. Ba laifinka ba ne. Abincin yana nan tun 17 ga Yuli, na'urata ce ta haɗa 'yarka da wata, ni na gina ta, ni ce ban kira ba. Na faɗa duka, ban san ko a jere ya fito ba.

Na duba ko sabis ne ya ɗauke. Ina jin kukan akuya ta wajensa. Da ya yi magana muryar ta sauya, ya ce ya ji, zai faɗa mata, amma ba yau ba.

Ya ce, "Dama ita ce ta ce in tambaye ki. Rabon yarinyar da aka ce ya iso, ko akwai wadda za a ba wa, kada ya lalace?"

Na ce akwai.

Ya ce to, a ba ta.